Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙananan Hukumomi Da Hakiman Arewa Kan Ƙauyukan Da Ba Su Cikin Littafin Kowa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Masu girma shugabannin ƙananan hukumomi, da iyayenmu hakimai, Allah ya ja zamaninku, ya kuma taya ku riƙon amanar da ke wuyanku. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga iyayensa da ta talaka ga shugabanninsa, ina neman izinin in gabatar muku da wani kuka da aka daɗe ana yi a gindin bishiya amma bai taɓa isa sakatariya a rubuce ba.

Ni tsohon malamin firamare ne. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa, mafi yawansu a ƙauyukan da mota ba ta shiga idan damina ta zauna, kuma tun da na ajiye aiki sai na zama marubucin wasiƙun mutanen karkara: mai neman rijiya, mai ƙarar iyaka, mai son a gyara sunan ƙauyensu a wata takarda. A madadin waɗannan mutane nake magana, wato mazauna ƙananan ƙauyuka da unguwanni da tungaye da rugage, waɗanda gidajensu ba su wuce a ƙirga su da tafiyar safiya ɗaya ba. Abin da suka ɗora mini in faɗa muku shi ne, ƙauyukansu suna nan a doron ƙasa amma ba su cikin littafin kowa. Babu hukumar da za ta iya faɗin adadin mutanensu, babu takardar da ta nuna inda gonakinsu suka fara da inda suka tsaya, babu kuma wanda ya rubuta yadda aka yi suka zauna a wurin.

Bari in fara da yawan jama'a, domin shi ne abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami. Rabon ƙasar nan tamu Nijeriya da ƙidaya tun watan Maris na 2006. An shirya wata a watan Mayun 2023, aka horar da ma'aikata, aka sayi na'urori, sai ana saura kwanaki kaɗan aka ɗage ta. Mutanen birni sun yi ta muhawara a kan wannan jinkiri, amma akwai abin da ba su cika ambata ba, wanda shi ne ya fi damun mu. Ko ƙidayar ta 2006, wadda ta ce mu mutum 140,431,790 ne, an fitar da sakamakonta ne jiha-jiha da ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma, bai sauko zuwa ƙauye-ƙauye ba. An shiga gidajenmu, an yi wa bangonmu lamba da alli, an dangwala mana tawada a yatsa, sannan aka zuba mu cikin jimillar ƙaramar hukuma kamar yadda ake zuba tiya cikin buhu. Wanda yake son adadin mutanen wani ƙauye a takardar gwamnati, sai ya koma ƙidayar 1991, wadda ita ce ta jera garuruwa da sunayensu, ya ɗauki adadin ya riƙa ninkawa da kintace. Jaririn da aka ƙirga a goye a 1991 yau magidanci ne mai 'ya'ya a makaranta, kuma ƙauyukan da aka kafa bayan wannan shekara ba su ma da adadin da za a ninka.

Na ga abin da wannan yake haifarwa da idona. Wata shekara, cikin wata uku kacal, takardu uku suka zo wa wani mai unguwa da nake taimaka wa da rubutu: ɗaya ta masu rigakafi, ɗaya ta masu haƙa rijiyar burtsatse, ɗaya ta rabon takin zamani. Kowace tana da gurbin da aka ce a rubuta yawan mutanen ƙauye. Dattijon ya dube ni na dube shi. A ta farko ya faɗi abin da ya zo masa a baki. A ta biyu wani ɗan boko ya ba shi shawara ya ƙara, wai ba a ba ƙaramin gari rijiya. A ta uku tsoro ya kama shi ko wata dabara ce ta dawo da haraji, sai ya rage. Takardun nan uku duk da hannuna na cika su, kuma duk sun tafi ofishi ɗaya. Ba na zargin dattijon da ƙarya, domin mutum ba ya yin ƙarya a kan abin da bai sani ba. Amma da irin waɗannan alƙaluma ake yanke yawan allurar da za a aiko, da yawan malaman da za a tura, da inda za a kafa ɗakin shan magani. Ƙauyen da ya fi iya cika baki ko ya fi kusa da kansila sai ya samu, wanda mai unguwarsa yake da kunya sai ya rasa. Na koyar a aji ɗaya mai yara fiye da ɗari a garin da takarda ta ce bai kai a ƙara masa malami ba.

Iyayenmu hakimai sun san cewa ba haka abin yake da ba. Zamanin En'e, kowace shekara mai unguwa yakan kawo sunayen magidanta da samarin da suka isa biyan haraji, dagaci ya tattara, malamin hakimi ya shigar a littafi, shanu ma ana ƙirga su kai da kai saboda jangali. A gundumomin da ke kewaye da birnin Kano har malaman taki aka yi, waɗanda suke auna gona da ƙafa su rubuta sunan mai ita. Ban zo kukan haraji ba, ranku ya daɗe. Na girma ina jin labarin waɗanda aka shanya a rana da waɗanda suka gudu suka bar gida saboda shi, kuma lokacin da gwamnatocin Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa sun yi murnar da ta dace. Sai dai littafin ya bi harajin kabari. Wato muddin ana karɓa daga hannun mutumin ƙauye, an san sunansa da na ubansa da yawan shanunsa, ko akuya ba ta ɓata a lissafi. Ranar da lissafin ya juya ya zama na abin da za a ba shi, sai aka rasa mai ƙirgawa.

Wannan aiki kuwa bai bar hannunku ba a doka. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da sanya wa hanyoyi suna da yi wa gidaje lamba. Haka kuma kason da ƙananan hukumomi 774 suke samu daga asusun tarayya, kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin rabonsa yawan jama'a ne, kashi 10 kuma faɗin ƙasa da yanayinta. Da kawunanmu da gonakinmu ake auna kuɗin da ke shigowa sakatariya kowane wata. Bai kamata a ce mun isa a karɓo kuɗi da sunanmu amma ba mu isa a rubuta sunan namu ba.

Kuka na biyu shi ne na ƙasa, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan ake zubar da jini.

Iyakar gona a ƙauye ba siminti ba ce. Layin gamba ne, ko jerin aduwa, ko wata tsamiya, ko suri, ko kwazazzabon da ruwa ya yanka. Sauran kuma yana cikin kan tsofaffi. Na taɓa bin wani dattijo makaho-makaho, jikansa yana riƙe masa sanda, muka zaga gonakin wata unguwa tun hantsi har azahar. Duk inda ya tsaya sai ya shafa jikin bishiya ya ce wannan kakan wane ne ya dasa, daga nan zuwa waccan kukar gandun gidan wane ne, wannan ɓangaren gayaunar matarsa ce, wancan kuwa aro aka ba wani baƙo shekarar da aka yi fari, ba kyauta ba ce, kuma shaidun aron su uku ne, ya lissafa su. Ya nuna mini inda burtali ya ratsa, ya auna faɗinsa da taku, ya kai ni mashayar da aka keɓe wa dabbobi. Na ce masa zan dawo da littafi idan an yi hutun makaranta. Kafin hutun ya zo Allah ya karɓi abinsa. Bayan shekara biyu jikokin mai aro da jikokin wanda aka ara wa suka gurfana gaban alƙali, kowa da rantsuwarsa, kowa kuma ya gaskata abin da yake faɗa, domin kowa abin da ya tarar ke nan. Shari'ar ta cinye kuɗin da ya fi amfanin gonar, gidaje biyu da suka yi auratayya suka daina gaisawa. Laifina a wannan ban manta da shi ba. Amma abin da ya kamata hukuma ta tanada bai dace ya rataya a kan hutun wani malamin firamare ba.

Abin takaici shi ne doka ta riga ta buɗe ƙofar. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda ta gaji Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, amma ta bar filayen da ba na birni ba ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukuma. Sashe na 6 ya ba ku ikon ba da takardar haƙƙin zama irin na gargajiya, har zuwa hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo ba tare da neman amincewar gwamna ba. Sashe na 36 ya ce manomin da yake riƙe da gonarsa tun kafin dokar, idan ya kawo zane ko bayanin da ya wadatar a kan gonar, ƙaramar hukuma ta gamsu, to ta yi masa rajista a matsayin mai wannan haƙƙi. Dokar ta kuma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Ina roƙon kowane mai girma shugaba ya tambayi sashen filaye na sakatariyarsa manoma nawa 'yan ƙauye aka yi wa wannan rajista cikin shekara arba'in da ɗoriya. A iya yawona, waɗanda na gani da irin wannan takarda attajirai ne da manyan ma'aikata da suka sayi gona daga birni. Mai gonar gado, wanda kakanninsa bakwai suke kwance a maƙabartar garin, bai ma san akwai ta ba.

Rashin takardar nan ba ya ciwo sai ranar da baƙon mota ya tsaya a bakin gona da na'urar safiyo. Gwamna yana da ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni, yana kuma da ikon soke haƙƙin zama saboda amfanin jama'a. Idan aka soke, diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da shuka da bishiyoyi, ba ta ƙasar kanta ba. To manomin da aka zo wa da rani, bayan ya kwashe amfaninsa ya bar kara, me za a ƙirga masa? Saurar da ya bari ta huta kuwa sai a rubuta ta a matsayin daji. Fadamar da gari duka yake ci, da kurmin da mata suke itace, da makiyayar da ba ta kowa ba ce ta kowa da kowa ce, su ne suke fara tafiya, domin babu mutum ɗaya da zai ce tasa ce. Doka ta ce idan ƙaramar hukuma ta karɓi gonar noma ta ba mai ita wata a madadi, amma wa za a ba, nawa za a ba shi, idan babu abin da ya nuna abin da yake da shi tun farko?

Ba sabon darasi ba ne. Lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, an tashi mutane fiye da dubu 40, tsohuwar Bussa ma ta nutse. A madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talata Mafara, rikicin awon gonaki da rabonsu da biyan diyya ne ya kai ga harbe manoma a watan Afrilun 1980. Wanda ya bi labarin Bakolori zai ga cewa tushen fitinar tambaya ce mai sauƙi da aka kasa amsawa a kan lokaci: gonar wa ce wannan, kuma ina ta tsaya? Inda ba a gina madatsa ba, birni ne yake ci. Hanwa na cikin ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau da masana aikin gona na Samaru suka yi wa nazari gida-gida a wajajen 1966, tare da Doka da Ɗan Mahawayi. Yau Hanwa unguwa ce a cikin Zariya. Ita ta yi sa'a masana sun rubuta yadda take kafin gini ya rufe gonakinta. Ƙauyuka nawa ne a gefen Kano da Katsina da Sakkwato da Kaduna suka shige cikin birni ba tare da ko shafi ɗaya ya rage da zai nuna wa jikokinsu abin da aka karɓa da abin da aka biya ba?

Burtali ma haka ya mutu. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma hanyoyin shanu da ke ratsa ƙananan ƙauyuka mafi yawansu a bakin dattawa kawai suke. Kowace damina mai gonar dama ya ci taku ɗaya, mai gonar hagu ya ci taku ɗaya, har hanyar da garke yake bi ta koma ta mai keke. Ranar da saniya ta shiga dawa sai a ce Bafulatani ya yi ɓarna, shi kuma ya ce hanyar ubansa ce aka nome, kuma sau da yawa dukansu gaskiya suka faɗa.

Akwai kuma wani sabon ciwo da ya sa wannan magana ba za ta jira ba. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka ɗungurungum, mutanensu suna zaune a makarantu da kangwaye da gidajen 'yan uwa a hedikwatar ƙananan hukumomi. Muna roƙon Allah ya kawo ƙarshen wannan masifa, kuma za ta ƙare. Ranar da za a koma, gamba ta ƙone, an sare bishiyoyin iyaka an yi gawayi, dattawan da suka san kan gonaki wasu sun rasu a gudun hijira, yaran da aka tafi da su a goye sun zama samari ba su taɓa ganin gonar ubansu ba. Marayu da zawarawa su ne za a fara dannewa. Idan ba a rubuta kufan nan yanzu ba, tun masu su suna raye suna zaune a ƙofar sakatariyarku, to zaman lafiyar da muke jira zai zo da tasa rigimar a hannu.

Kuka na uku na tarihi ne, kuma na san wasu za su ce wannan kayan marmari ne ga mutanen da ba su da ruwan sha. Ba haka ba ne, domin a ƙauye tarihi shi ne takardar mallaka. Wanda ya fara sare daji, wanda ya haƙa rijiyar farko, wanda ya zo daga baya aka yanka masa wuri, gidan da limanci yake da gidan da sarautar noma take, duk hukuncin gado da iyaka da unguwanci a kansu yake tsayawa. Ban da haka, manyan al'amuran ƙasar nan ba a birane kaɗai suka faru ba. Daga Ɗegel Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma dukansu ba birane ba ne. A Burmi Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a 1903. Satiru, ƙaramin gari kudu da Sakkwato, shi ya girgiza mulkin Turawa a 1906 kafin a shafe shi daga doron ƙasa. Waɗannan an san su ne saboda an samu masu rubutawa. Kowane ƙauye yana da nasa: shekarar da fara ta cinye gero, shekarar da aka kwashe samari aikin tilas, dalilin da ya sa aka bar tsohon gari mai ganuwa aka fito fili.

Abin da aka rubuta game da yawancin ƙauyukanmu yana ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, cikin rahotannin da jami'an Turawa suka yi lokacin da suke yawon ƙiyasta haraji. A ciki akan sami sunan gari, da wanda ya kafa shi, da yawan maza da mata da yara, da rijiyoyi da dabbobi da sana'o'i. Suna da amfani ƙwarai, amma baƙo ne ya rubuta su ta bakin tafinta, kuma abin da ya kawo shi kuɗi ne. Shekara ɗari ke nan ba mu ƙara komai a kai ba, ba mu ma ɗauko kwafinsu mun kawo gida ba. Sunayen kansu sun lalace a hanya. Na san ƙauyen da sunansa yake da rubutu iri uku, ɗaya a allon makaranta, ɗaya a rumfar zaɓe, ɗaya a katin asibiti, saboda an zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ, har wani aikin da aka yi musu alkawari ya sauka a wani gari mai kama da sunansu. Takardun ajami da ke cikin gafakar limamai, masu ɗauke da rabon gado da shaidar jingina, gara tana ci. Wata tsohuwa ta taɓa buɗe mini adakarta ta fito da rasiɗan harajin mijinta, an naɗe su a tsumma an ɗaure da zare, sun yi ja kamar ganyen taba. Su kaɗai ne shaidar da ta rage a duniya cewa mutumin ya taɓa zama a wannan gari, kuma da su 'ya'yanta suka kare gidansu.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon kowace ƙaramar hukuma, tare da hakimanta, ta buɗe wa kowane ƙauye da kowace unguwa da kowace ruga littafi nata na kanta. A rubuta sunan garin daidai yadda masu shi suke furta shi, da baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa, a tabbatar da shi a duk takardun hukuma. A jera gidaje da sunan maigida da yawan mutanen gidan, mata da yara da tsofaffi, a riƙa shigar da haihuwa da rasuwa da ƙaura duk shekara bayan kaka, kafin 'yan ci-rani su watse. Na san abin da za a ce: lissafin jama'a a ƙasar nan siyasa ce, shi ya sa aka soke ƙidayar 1962 da ta 1973, kuma kowane dagaci zai kumbura nasa. Maganin wannan yana cikin ƙanƙantar ƙauyen. Ana iya ƙara sifiri a jimillar jiha ba wanda ya gani, amma ba a iya ƙirƙiro gida a unguwa mai gida arba'in idan za a karanta sunayen da babbar murya a ƙofar mai unguwa, maƙwabta suna zaune. A sa wannan karatu a bainar jama'a ya zama sharaɗi, kuma ku fito ku faɗa da bakinku cewa ba littafin haraji ba ne, in ba haka ba mutane za su ɓoye 'ya'yansu kamar yadda kakanninsu suka yi.

A cikin littafin nan a zana ƙasar gari. Ba sai an jira masu safiyo daga babban birnin jiha ba, wayar hannu ta yau tana iya ɗaukar ma'aunin wuri, kuma akwai samari masu ilmi zaune ba aiki a kowace gunduma. A bi iyaka da ƙafa tare da dattawa, da maƙwabtan gona na kowane ɓangare, da ardo, a fara da abin da yake na kowa: burtali, mashaya, makiyaya, fadama, kurmi, maƙabarta, filin idi da na makaranta. A bambanta gado da saye da aro da jingina. A rubuta gonakin mata da sunayensu, kada a cusa su ƙarƙashin sunan miji ko wa, domin ta nan gadonsu yake salwanta. Daga nan a buɗe rajistar da sashe na 36 ya tanada, a kai ta ƙauye maimakon a ce manomi ya zo sakatariya, a kuma sauƙaƙa kuɗinta. Ina gargaɗi a nan da girmamawa: rajistar ƙasa wuƙa ce mai baki biyu, idan aka yi ta a ɗaki a rufe za ta zama hanyar da masu ƙarfi za su halatta ƙwace. Kada a shigar da ko gona ɗaya sai an yi shela an ba da lokacin ƙorafi. Littafin kuma ya zama kwafi uku, ɗaya wurin dagaci, ɗaya wurin hakimi, ɗaya a sakatariya, yadda idan hannu ya taɓa ɗaya sauran biyun za su tona shi.

A fara da ƙauyukan da aka tasa. Mutanensu suna kusa da ku, ba sai an shiga daji ba. A zaunar da su unguwa-unguwa, su zana garinsu a ƙasa da tsinke, kowa ya nuna gidansa da gonarsa, sauran su shaida, a mayar a takarda.

Ga iyayenmu hakimai musamman, muna roƙon ku umarci dagatai su tara tsofaffin kowane gari, maza da mata, a naɗi muryoyinsu a kan asalin garin da jerin masu unguwanninsa, a ɗauki hoton takardun ajami da tsofaffin rasiɗai a mayar wa masu su. A tura wakili Kaduna ya ɗauko kwafin rahoton kowace gunduma, a nemi taimakon Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, da sassan tarihi na jami'o'inmu da hukumomin tarihi na jihohi wajen tsarawa da adanawa. Inda riwayoyi suka saɓa, a rubuta dukansu da sunan gidan da ya faɗa, kada a zaɓi ta gidan sarauta kaɗai. A ajiye kwafi a makarantar firamaren garin, yara su karanta.

Muna kuma roƙon ku haɗa murya ku nemi Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, duk ranar da aka yi ƙidaya ta gaba, ta fitar da sakamako har zuwa matakin ƙauye kamar yadda aka yi da ta 1991, kuma ku miƙa mata cikakken jerin ƙauyukanku tun kafin ma'aikatanta su fito, don kada a sake haɗe ƙananan unguwanni da rugage cikin sunan babban gari.

Game da kuɗi, hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024 ya ce kason ƙananan hukumomi nasu ne, a biya su kai tsaye. Ko kafin wannan ya zauna daram, aikin da muke nema bai kai kuɗin kwalbati biyu ba a gunduma: littattafai ne, da man babur, da ɗan abin hasafi ga masu rubutu. Shugabannin makarantun firamare suna nan a kusan kowane gari, limamai suna nan, mu tsofaffin malamai da muka yi ritaya muna nan, kuma da yawa cikinmu za su yi shi ba tare da albashi ba idan aka ba su takardar izini da hatimin hakimi, domin ba tare da ita ba dagaci ba zai saki baki ba. Lokacin aikin rani ne, sa'ad da gona take fili, iyaka take bayyane, dattawa kuma suke zaune a gida. Muna roƙon kowace ƙaramar hukuma ta zaɓi gunduma ɗaya ta fara da ita a ranin nan mai zuwa, ta kuma sanar da sunan gundumar a gidan rediyon jiha don masu son taimakawa su san inda za su je.

Allah ya ƙara muku lafiya da adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Tsohon malamin firamare,
a madadin mazauna ƙananan ƙauyuka, unguwanni, tungaye da rugage.